Ranar da Aka Kayar da Gwamnan Jirgin Ƙasa

"Ku ja!" Hakeem, jagoran zanga-zangar, ya daka tsawa ta lasifika, matasan unguwar Harlem suka finciki igiyar da ke wuyan wani mutum-mutumin tagulla. Na wani gwamnan zamanin da ne, mai kamfanin jirgin ƙasa, wanda ya taka gawarwakin leburori ya hau mulki. Hakeem ya rantse yau sai ya sha ƙasa.

Wata 'yar Nijar mai sayar da gyale a gindin mutum-mutumin ta dawo daga alwala, ta tarar taro ya toshe hanya. Ta cafke rigar Hakeem.

"Ɗana, don Allah dakata! Teburina..."

"Mma, sake ni!" ya amsa da Turanci. "Gyale ya fi jinin mutane?"

Ta kai hannu ga lasifikar. Ya hankaɗe ta, kanta ya bugi dakali, jini ya wanke mata fuska.

Tagullar ta rikito, ta ragargaza teburin. Aka ɓarke da tafi.

Matar ta rarrafa tana kururuwa. Duk taron nan, Hakeem kaɗai ke jin Hausa, shi kaɗai ya gane abin da take faɗi.

"Ɗiyata! Barci take a ƙarƙashin teburin!"