Kujerar da Ba Ta da Mariƙi

A farkon damina wani hafsan sojan sama ya ajiye kaki, ya kama aiki a kamfanin jiragen fasinja. Duk zamansa na soja a jirgin yaƙi ya yi shi, mai kujera ɗaya, daga shi sai Ubangijinsa. A wannan kujera, tsakanin gwiwoyin matuƙi, akwai wani mariƙi mai ratsin baƙi da rawaya. In jirgi ya gagara sai ka ja shi, kujerar ta cilla ka waje, laima ta buɗe. Shi bai taɓa jansa ba. Amma duk sa'ad da zai kutsa inda hankali ba ya so, sai ya ɗan shafa shi da yatsa, kamar yadda mai shiga cunkoson kasuwa ke shafa aljihu. Shi kansa bai san yana yi ba.

Da ya gama horo, tashinsa na farko da fasinja ya faɗo a kan garinsu. Murna ta hana shi karyawa. Ya goge farar rigarsa da kansa, ya sa hula ya cire ya sake sawa, ya bi dangi da waya har da waɗanda ba sa ga maciji. Mahaifinsa, wanda bai taɓa ganin ɗansa da jirgi ba sai a hoto, ya kwashi gida da maƙwabta suka tare a filin jirgi tun azahar. Shi kuwa ya tsaya a ƙofar ɗakin tuƙi yana kallon masu shigowa: mai goyo, tsoho mai neman inda zai ajiye butarsa, 'yan mata masu ɗaukar kansu hoto. Kyaftin ɗin jirgin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya sakar masa tuƙi ya ce, "To, yallaɓai soja, kai mu gida."

Suna dab da isa suka tarar hadari ya haɗe baƙi ƙirin a kan garin, walƙiya na yage shi. Sai dai ta gabas akwai wata 'yar kafa tsakanin gajimarai biyu, har ana hango rufin kwano na ƙyalli a ƙasa. Jininsa ya motsa. "Ranka ya daɗe, ga ƙofa can. Na sha shiga wadda ba ta kai ta ba." Kyaftin ya matso da hannunsa kusa da sitiyari. Sojan ya gyara zama, ya nufi kafar, yatsansa ya sauka tsakanin gwiwoyinsa kamar kullum. Babu komai sai yadin kujera. Ya sake lalubawa. Nan ya ga abin da bai taɓa gani ba: ashe duk jarumtar da ake yaba masa, da ƙofar baya a buɗe ya yi ta. Yau kuwa ba ƙofa, kuma a bayansa akwai mai goyo da tsoho da butarsa. Ya karkata jirgin a hankali, ya nemi izinin sauka a Kano. Dattijon ya mayar da hannunsa kan cinya.

Fasinja suka yi ta tsaki. Shi ko murmushi ya ƙi barin fuskarsa, ya ajiye su a Kano a tausashe, jaririn nan bai ko motsa ba. Sai bayan la'asar sakaliya gari ya washe, suka koma suka sauka a titin da ruwa ya wanke. Mahaifinsa na tsaye da jiƙaƙƙiyar babbar riga, bayan ya wuni yana cika wa maƙwabta baki cewa ɗansa soja ne, ko ana ruwan duwatsu sai ya ratso. Ya dubi ɗan daga hula har takalmi ya ce, "Kai, ashe an koyi tsoro?" Ɗan ya durƙusa yana dariya. "An koya, Baba. Yau na fara aiki."

Dama Hausawa sun riga mu faɗa: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.