Kilo Huɗu

Kwana tara ta yi a kwalekwale kafin ta iso gida, tafiyar da jirgin sama yake yi a awa ɗaya a da. Ciyawa ta cinye filin sauka. A rumfar mataccen kamfanin jirgin ta tarar da mahaifinta yana kurɓar kofi.

Shi ne mai awo. A wancan zamanin komai sai ya hau sikelinsa kafin ya shiga jirgi: mutum, alade, buhun garin rogo. Shi ya auna ta ranar da jirgin ya yi tashinsa na ƙarshe, tana 'yar shekara sha biyu, za ta makaranta a birnin Villavicencio. Shekara ashirin ke nan tana riƙe da shi a zuci.

"Baba, ka san jirgin ba zai dawo ba. Da ka ƙara mini kilo biyu kacal, da matuƙi ya bar ni a gida."

"Har yanzu bakinki ya fi ki nauyi."

"Amsa nake so."

Ya daɗe yana duban sama.

"Ai kin haura nauyin da ya rage wa jirgin da kilo huɗu, 'yar nan. Ni na zura ƙafa ƙarƙashin sikelin, na tallafe ki."