Kaset ɗin Jamus

Tun da aka kafa Gusau, in ji Alhaji Zakari dillalin hatsi, ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda wani likitan Jamus ya zalunce shi ba. Ya ɗinka shadda, ya sayi sa na walima, ya shaida wa duniya cewa matarsa Hajiya Wasila ce ta farko a sabuwar jihar Zamfara da za a gyara wa zuciya ta 'yar ƙaramar kafa, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sai ga ta an dawo da ita a keken marasa lafiya. Sa ya rame a turke, shadda ta kwana a akwati.

Shekarun baya ciwon daji ya ci nononta na dama, aka cire, aka sa mata na roba. Ta ƙarƙashinsa aka bi zuwa zuciyar. Zuciya ta gyaru, amma wurin ya yi ruwa, cutar ta kama robar, aka sake yanka ta aka fitar. Har yau hannun dama ba ya ɗaguwa.

Alhaji ya rantse sai ya ga bayan likitan, kuma yana da hujja. Ranar ganawa da likitan a Jamus shi ya yi tafinta, don a cewarsa ba namijin da zai yi wa matarsa zancen ƙirji sai ta bakinsa. Ya kuma ɗauki komai a rakoda, mutanen gida su ji yadda yake murza Turanci.

Ya kunna kaset ɗin a Furfuri, ya kunna a Rawayya, ya kunna a kasuwar Tsafe. Bature zai yi ta dogon bayani, sai muryar Alhaji ta biyo a taƙaice: "Ya ce ƙaramar kafa ta fi. Sa hannu, Hajiya." Tsofaffi su yi ta ja wa Baturen Allah ya isa. A Tudun Wada kuwa, inda malaman makaranta ke hira, kullum batir ne ya ƙare.

Wasila kuwa tana tuna yadda likitan ya riƙa girgiza kai yana nuna damanta. Sai ran nan ta ce, "Alhaji, dangina na Bungudu na son su ji, su taya ka yaƙin."

Manoma da makiyaya ne, a ganin Alhaji, ba mai jin Turanci. Alhaji ya ciro shaddar nan ya zuba.

Zaure ya cika. Alhaji ya kunna, ya kashe, ya buga ƙirji. "Duk wanda ya jawo ma Hajiya wannan, kada ku bar shi da mutunci ko da na sisin kwabo."

"Mun ji, kai ka faɗi," in ji babban yayan Wasila.

Daga bayan labule Wasila ta ce a mayar da kaset ɗin farko. "Ga ɗan baffana Idris nan kusa da kai. Tafintan kotu ne a Sakkwato."

Alhaji ya kai hannu wajen batir, yayan ya riga shi ɗauke rakodar.

Idris ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗago. "Bature ya ce robar tana kan hanya, in aka bi nan wurin na iya ruɓewa, shawararsa a tsaga ƙirji. Sai Alhaji ya amsa masa da Turanci: ta ce ta ji, ƙaramar take so."