Magajiyar Keken Ɗinki

Maman Auta ta fito daga ofishin malamar aji uku da takarda a hannu, tana tafe tana dariya ita kaɗai. Mai gadin makaranta ya gaishe ta, ta amsa masa da "Na ci! Wallahi na ci!" Bawan Allah ya bi ta da kallo har ta tsallaka titi.

Abin da ta ci kuwa tsohuwar gardama ce. Ita tela ce, shekara ashirin tana taka keke a ɗan ɗakin da ke kusa da kicin. Mijinta lauya ne, kuma tun yaran gidan suna goye ya gama tsara musu rayuwa. Babban yana karatun lauya, mai bi masa ma haka. Saura Auta, 'yar shekara takwas. In ita ma ta bi yayyenta, keken nan ba shi da magaji, sai dai tsatsa ta gaje shi. Abin yana ci wa Maman Auta rai ƙwarai.

Da makaranta ta aiko da takardar gwajin hali da sha'awar sana'a, sai suka ƙulla yarjejeniya. In gwaji ya ce lauya, Auta ta ci gaba da zuwa ƙarin darasin da ubanta ya sa ta duk Asabar. In ya ce aikin hannu, Asabar ta zama ta ɗakin ɗinki. Lauya ya yarda har da buga tebur. Tambaya talatin ce a cike a gida, kuma babu wadda ta ambaci sunan sana'a, duk irin su wanne ka fi so, wanne ke gundurar ka. Ranar mayarwa aka makara, Auta ta fita da takardar a hannu, uban yana ta danna hon a ƙofar gida.

Maman Auta ko gezau, don akwai abin da ta taka. Duk Lahadin da ta je gaida yayarta, in ta dawo sai ta tarar an taɓa keke. Ta bar baƙin zare, ta samu ja. Ƙyallayen da take zubawa a kwando suna raguwa. Sai ga 'yartsanar Auta da sabuwar riga, har da aljihu, ɗinki miƙe sambal. Da ta tambayi yarinyar, sai ta toshe baki tana ƙyalƙyala dariya. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yanzu ga shi malama ta tabbatar a rubuce. A hanya ta buga wa yayarta, ta buga wa mai sayar mata da yadi, har wata da ta kira don ta ji ko an gama mata riga sai da ta sha labari. Ta tsaya shago ta sayi ƙaramin almakashi mai jan hannu, ta ƙara da tef ɗin awo, ta ƙara da alli. Saura kaɗan ta manta takardar a kan kantar shagon.

Ta samu Lauya kwance a doguwar kujera da jiƙaƙƙen hankici a goshi. Haka yake duk ranar da ya dawo daga kotu.

"Ranka ya daɗe, tashi ka saurari hukunci."

Ta gyara murya, ta karanta a tsaye. Mai wannan takarda tana da haƙuri da lura. Tana son launuka da auna abu daidai. Ba ta son jayayya ko kaɗan, tsayawa gaban jama'a tana magana yana gajiyar da ita. Farin cikinta shi ne ta zauna shiru ta haɗa abu da hannunta. A ƙasa malama ta ƙara da jan biro: kada a tilasta mata aikin baki, za ta yi shi amma ba za ta taɓa jin daɗinsa ba.

Lauya ya janye hankicin ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Daga can ƙarƙashin hankicin ya ce gwajin nan shirme ne.

"Shirme? To zo ka ga shaida da idonka."

Ta kamo hannun Auta, ta tasa Lauya a gaba, sai ɗakin ɗinki. Ta ɗora yarinyar a kan kujera, ta shimfiɗa mata ƙyalle a ƙarƙashin allura, ta koma gefe ta riƙe ƙugu, baki har kunne.

Auta ta kalli keke. Ta kalli ubanta. Ƙafafunta suna reto a sama, tsakaninsu da abin takawa ya fi taƙi guda. Ta laluba nan, ta laluba can, ko inda ake zura zare ba ta gano ba.

Murmushin Maman Auta ya fara tsinkewa. "Auta, yi mana yadda kika saba. Ba ke kika cike takardar nan ba?"

Lauya ya yi tari, ya soma ja da baya. Auta ta turo baki, idonta ya ciko.

"Ni fa mantawa na yi, Baba ne ya cike a mota da sauri," ta ce, "kuma ya ce in ban faɗa ba, ranar Lahadi zai sake ɗinka wa 'yartsanata wata rigar."