Wanda Ya Tsara Rumbun

"Wane jaki ne ya tsara muku wannan rumbun bayanai?" in ji ƙwararren da kamfani ya ɗauko, yana yatsina fuska.

Sabuntawar da ya fara ta maƙale a rabi. Babbar sabar, wato kwamfutar da ke juya sauran injuna arba'in, ta mutu, kuma kwafin bayanan da za a farfaɗo da ita da shi, a cikinta aka ajiye shi. Aikin kowa ya tsaya cak.

Manaja ya juyo kan injiniyar da ke kula da ɗakin injunan. "Baiwar Allah, ashe shekara shida ɗumama kujera kike yi? Tattara kayanki."

Ta dube su kamar ta taka kashin kare. Ta ja durowa, ta zaro wani tsohon fayil, ta dire a gabansu.

"Ga kayan nawa, ranka ya daɗe."

Tsarin rumbun ne, da sa hannun ƙwararren nan, tun bai ajiye tumbi ba. A gefe ga rubutunta da jan biro: "Don Allah a raba kwafin da sabar."

A ƙasa kuma ga amsar da Manaja ya rubuta da hannunsa: "Ke kin fi ƙwararre sani ne?"