Atishawar Majemi

Malami bai kai ƙarshen shafin ba zauren ya kece da dariya. Littafin ajami ne da marigayi kawunsa ya rubuta a kan mutanen Ƙofar Rini da ibadarsu, har da attajirin da ke yi wa jakinsa wa'azi.

Karatun yau a kan wani liman ne mai gaggawa. Ranar da Nasara suka shigo Sakkwato, 'yan shekarun baya, ana jin ƙarar bindiga aka kai wani majemi maƙabarta. Gawar ta yi atishawa cikin likkafani. Liman ya ce, "Shaiɗan na, ku tura ƙasa mu gudu."

Tsoho Malam Hayatu, da ke jan carbi a gefe, ya ɓata rai. "Wanga bai dace ba. Ba a wasa da jana'iza."

"Ƙage ne kawai, Malam," in ji Malami. "Kawu ya so ya nuna yadda tsoro ke cinye imani."

Wani baƙo da ke zaune bakin ƙofa tun la'asar ya ce a hankali, "Kawunka ya yi kuskure wuri guda."

"Kai ma ka san labarin?"

"Ba atishawa niy yi ba. Sunan liman nika kira har muryata ta dushe."

Carbin tsohon ya faɗi ƙasa. Baƙon ya juyo gare shi.

"Malam Hayatu, yau kana jina?"