Wutar Jatau

Tunda ka ce katin hoto za ka saya wa kwamfutarka, zauna ka ji abin da ya sami wani tsohon direban tirela a Funtuwa, Jatau sunansa. Ciwon baya ne ya sauke shi daga mota, amma hanya ba ta fita daga ransa ba. Sai ya sami kwamfuta da sitiyarin roba, ya riƙa tuƙa tirela a cikin wasa, yana hawa tudu yana gangarawa daga kan kujerar zaurensa. Taubashinsa Barau, wanda har lokacin yana kan hanya, ba ya wucewa ta ƙofar gidan sai ya leƙo ya ce, "Direban kujera, yau ina aka yi lodi?" Jatau yakan yi dariya, amma maganar tana sukarsa. Burinsa ɗaya ne, Barau ya zauna a gefensa ya ga tuƙin, ya yarda cewa hannun nan bai mutu ba.

Sai ya sayo babban allo, irin wanda ake karanta rubutun gefen titi tun daga nesa. Amma hoton babban allo ɗigo-ɗigo ne masu ɗimbin yawa, kuma katin hoto da ke cikin kwamfuta shi ke zana su duka. Tsohon katin Jatau ya kasa. Mota ta riƙa tafiya tana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodin dutse. Ya shiga mota zuwa Kano, ya sami shagon masu kayan kwamfuta, ya ce a ba shi katin da ya fi kowanne ƙarfi. Mai shagon ya ɗauko wani ƙato mai fanka uku, ya ɗora a kan tebur, amma bai sake shi ba.

"Baba, wannan fa mai ci ne. Wutarka za ta ɗauke shi?"

"Wuta?" in ji Jatau, yana gyara hula. "Yaro, sola ce a kan rufina. Unguwa ta yi duhu, gidana rana tsaka."

Mai shagon ya buɗe baki zai ƙara magana, Jatau ya ɗaga masa hannu. "Na ce maka akwai wuta. Naɗe min." Aka naɗe masa.

To, wutar da mai shago yake nufi ba ta rufin gida ba ce. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan akwati da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kowane sashe abincinsa, kuma na Jatau ƙarami ne, an yi shi daidai da cin tsohon kati. Ya dawo gida ya cusa sabon katin, ya kunna. Hoto ya fito tas, har ciyawar bakin titi ana iya ƙirgawa. Ya ɗan zagaya cikin garejin wasan, ya ga komai lafiya, ya kashe, ya aika wa Barau cewa ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya taho da duk wanda ya ga dama.

Barau ya zo da direbobi har zaure ya cika. Jatau ya zauna, ya kama sitiyari, ya fita da tirela daga gari. Hayaniya ta lafa. Ya sha kwana ya ba wa bayan motar haƙƙinsa, wani a cikinsu ya ce, "Kai, hannun yana nan." Barau ya jawo kujerarsa kusa. Sai hanya ta kai su gindin wani dogon tudu, ruwan sama ya sauko a cikin wasan, motoci suka yi yawa, fitilu suna walƙiya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Nan katin ya nemi abincinsa cikakke, ɗan akwatin ya kasa ba shi. Allo ya yi baƙi ƙirin.

"An ɗauke wuta!" in ji wani.

Barau ya ɗaga kai ya dubi fankar sama tana juyawa abinta. "Wace wuta? Taubashi, motarka ce ta mutu a tudu. Mu sauka mu tura?"

Jatau ya sake kunnawa. A gindin tudun nan ta sake mutuwa. Ya kunna na uku, haka. Zaure ya kece da dariya, aka watse ana riƙe ciki. Shi kuwa ya zauna yana kallon baƙin allo, sai abin ya faɗo masa, domin ya san wannan ciwon tun yana kan hanya: inji ƙato, bututun mansa siriri. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ka gane komai, sai an zo hawa. Ya tuna bakin mai shago da ya buɗe, da hannun da ya ɗaga masa.

Ya koma Kano ya sayo akwatin wuta daidai da katin, wannan karon ya bari aka gama yi masa tambaya kafin ya amsa. Tirela ta hau tudu lafiya lau, sai dai babu kowa a zauren. Barau yana hanyar Legas, kuma kafin ya dawo suna ya riga ya bi tasha. Har yau in Jatau ya shiga cikin direbobi, ba mai ce masa direban kujera. Sola suke kiransa.

Saboda haka in ka je sayen naka, ka dubi katin, ka dubi abin da zai ciyar da shi. Masu iya magana sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.